AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ƙarin Kuɗin Da Ingila Ke Ba Makarantu Saboda 'Ya'yan Talakawa

A wannan karon wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, shi ya sa muka haɗa su wuri guda, muka ba su filin baki ɗaya. Ga yadda muka amsa su a rediyo, mun kuma sa a rubuce saboda wanda bai samu ji ba, da wanda yake son ya ajiye lissafin.

TAMBAYA TA FARKO

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya rubuto yana cewa: Malam, na ji ana faɗi wai a Ingila gwamnati tana biyan kuɗi a kan kowane ɗan talaka da ke makaranta. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, nawa ne, kuma uban yaro ake ba ko shi yaron?

AMSA

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai akwai ɗan gyara. Ba uban yaro ake ba kuɗin ba, ba kuma yaron ake danƙa wa ba. Makarantar da yaron yake karatu ita ake zuba wa kuɗin a asusunta. Turawa suna kiran shirin Pupil Premium, ma'ana ƙarin kuɗi a kan ɗalibi.

Ka lura da kalmar ƙari. Dama can kowace makarantar gwamnati a Ingila tana da kasonta na shekara, wanda ake lissafawa bisa yawan yaran da ke cikinta, da shi take biyan malamai, ta sayi littattafai, ta biya wuta da ruwa. Wannan da muke magana a kai ɗori ne a kan wancan. Ana ƙidaya 'ya'yan marasa ƙarfi da ke makarantar, kowane ɗaya sai a ɗora wa makarantar wani adadi saboda shi. A nan Ingila kaɗai muke nufi, domin Sikotilan da Wales, duk da cewa suna cikin Birtaniya, kowa da nasa tsarin.

An fara shirin a watan Afrilu na 2011, zamanin gwamnatin haɗin gwiwa ta Firayim Minista David Cameron da mataimakinsa Nick Clegg, wadda ta hau mulki a 2010. Jam'iyyar shi Nick Clegg ɗin ce ta fi matsawa a kan batun tun lokacin yaƙin neman zaɓe. A shekarar farko fam 488 aka biya a kan kowane yaro, jimla fam miliyan 625. Aka yi ta ƙarawa, ya zuwa 2014 jimlar ta kai fam miliyan 2,500 a shekara. A shekarar kasafi ta 2025 zuwa 2026 kuwa, fam 1,515 aka tsara a kan ɗan furamare, fam 1,075 a kan ɗan sakandare. Yaron da hukuma ta karɓi riƙonsa saboda ya rasa iyaye ko iyayen sun kasa kula da shi, nasa ya fi na kowa, fam 2,630.

Bari mu yi ɗan lissafi don ka ga girman abin. A ce makarantar furamare tana da irin waɗannan yara 60. Idan ka ninka fam 1,515 sau 60, ka samu fam 90,900 a shekara. Albashin sabon malami a Ingila ya kama daga fam 30,000 a shekara ta 2023. Ka ga ke nan kuɗin ya isa a ɗauki sababbin malamai biyu har da saura. Makarantar unguwar masu hali mai irin waɗannan yara biyar kacal, ita kuma fam 7,575 za ta samu. Wato inda talakawa suka fi yawa, nan kuɗin ya fi sauka.

To me ya sa za a fifita wani yaro a kan wani? Kai manomi ne, ka fi ni sanin amsar. A ce kana da gona biyu, ɗaya ta sha takin gida shekara da shekaru, ɗaya kuma jigawa ce da ta gaji. Idan ka raba buhun taki biyu daidai-wa-daida, ranar girbi ba za su zo daidai ba. Wadda ta gaji ita ke neman ƙari. Haka yara suke. Wani ya fito daga gidan da akwai littattafai da wurin zama a yi karatu, ya karya kumallo kafin ya fito, in ya kasa lissafi a ɗaukar masa malamin lasin. Wani kuma ya zo da yunwa, babu mai duba masa aikin gida, takalminsa ya tsinke ya yi kwana uku bai zo ba. Kada ka ga wai Ingila ce, su ma suna da talakawansu. Aji ɗaya, malami ɗaya, amma sakamakon jarrabawa ya daɗe yana nuna cewa ɗan talaka ne a baya.

Dalilin da ya sa na ɗan furamare ya fi na ɗan sakandare shi ne abin da Hausawa ke cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya shiga kwalejin horon malamai an koya masa cewa yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi na gaba zai yi masa nauyi, domin lissafin ma sai an karanta tambaya kafin a amsa.

Saura kuma yadda ake gane ɗan talaka, tunda ba a rubuta talauci a goshi. A makarantun Ingila ana cin abincin rana, iyaye ne ke biya, amma gidan da samunsa bai kai wani mizani ba ana ba 'ya'yansa kyauta. Bisa ƙa'idar da aka kafa a 2018, gidan da ke karɓar tallafin gwamnati, wanda abin da yake samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba, ya cancanta. Uba ko uwa za su cike takarda, hukuma ta bincika, a sa sunan yaro a rajistar masu cin abinci kyauta. Wannan rajista ita ce ma'aunin. A ƙidayar da aka yi a watan Janairu na 2024, yara miliyan 2.1 aka samu a cikinta, kusan ɗaya cikin kowane huɗu ke nan.

Tun daga 2012 aka ƙara wani sharaɗi mai ma'ana. Duk yaron da sunansa ya taɓa shiga rajistar a cikin shekara 6 da suka wuce, ana ci gaba da biyan makaranta saboda shi, ko da uban ya samu aiki daga baya. Hujjarsu ita ce, uba yana iya samun buɗi a bana, amma karatun da ya wuce yaro a shekarun wahala ba ya dawowa a wata ɗaya, kamar yadda gonar da ta gaji ba ta farfaɗowa a damina ɗaya.

TAMBAYA TA BIYU

Wata uwa mai sana'ar man gyaɗa daga Azare ta ce: Malam, ni abin da nake so in sani, in hedimasta aka ba kuɗin nan, wa zai hana shi ya yi abin da ya ga dama da su? Kuma shin 'ya'yan talakawan sun kamo 'ya'yan masu kuɗi?

AMSA

Hajiya, tambayarki ta mai riƙe da jari ce, kuma nan ne gizo ke saƙar. Gwamnatin Ingila ta bar wa hedimasta da malamansa zaɓin abin da za su yi da kuɗin, bisa hujjar cewa su suka fi sanin yaransu. Ba a ce sai an kashe wa kowane yaro nasa kason shi kaɗai ba. Ana iya haɗa kuɗin a yi aiki ɗaya, ko da sauran yaran aji za su amfana, muddin dai 'ya'yan marasa ƙarfi aka nufa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka aka ɗaure makaranta ta hanyoyi huɗu.

Na farko, dole makaranta ta rubuta bayani kowace shekara, ta sa a shafinta na intanet kafin ƙarshen watan Disamba. A ciki za ta faɗi nawa ta karɓa, mene ne ke damun yaranta, me za ta yi da kuɗin, kuma wane sakamako na bara ya haifar. Kowane uba yana iya buɗewa ya karanta. Na biyu, kowace makaranta tana da kwamitin da ke sa mata ido, wanda akwai wakilan iyaye a ciki, kuma hedimasta yana yi masa bayani. Na uku, akwai hukumar sufetocin makarantu mai suna Ofsted, wadda idan ta zo bincike takan duba yadda 'ya'yan marasa ƙarfi suke tafiya. Na huɗu, idan aka buga sakamakon jarrabawa, ana ware na waɗannan yara a nuna shi daban, yadda makaranta ba za ta fake da ƙoƙarin 'ya'yan masu hali ba.

Bayan haka akwai wata matsalar da ta wuce ta sata. Mutum yana iya zama mai amana amma ya sa jarinsa a hajar da ba ta tafiya. Saboda haka a wannan shekara ta 2011 gwamnati ta ba da fam miliyan 125 aka kafa wata gidauniyar bincike da ake kira EEF a taƙaice, aikinta shi ne ta gwada dabarun koyarwa a makarantu, ta faɗi wadda ke aiki da nawa take ci. Suna auna amfanin kowace dabara da watanni. Idan suka ce wata huɗu, suna nufin yaro ya yi gaba kamar wanda aka ƙara wa karatun wata huɗu a cikin shekara.

Abin da suka gano zai ba ki mamaki. Malami ya duba aikin yaro, ya nuna masa daidai inda ya kuskure da yadda zai gyara, wannan kusan ba ya cin kuɗi, amma sun ƙiyasta amfaninsa da wata 6. A ware yara kaɗan waɗanda aka bari a baya a yi masu ƙarin darasi, wata 4. Rage yawan yara a aji kuwa, wanda ke cin kuɗi masu yawa, wata 2 kacal, ko da yake a tuna ajin furamare a Ingila dama bai cika wuce yara 30 ba. Wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2016 ya nuna cewa ba da karin kumallo kyauta kafin a shiga aji ya ƙara wa yara 'yan shekara 6 zuwa 7 kimanin wata 2. Daga irin wannan bincike ne aka shawarci makarantu su kasa kuɗin gida uku. Kaso mafi tsoka ya tafi wajen inganta koyarwa da horar da malamai, sai ƙarin darasi ga masu buƙata, sannan abubuwan da ke hana yaro zuwa ko natsuwa, kamar yunwa da fashin makaranta da rashin kayan sawa.

Sai kashi na biyu na tambayarki, ko sun kamo su. Amsa a gajarce, ba su kamo su ba tukuna. Tun a 2012 hukumar Ofsted ta bincika, ta samu cewa shugaban makaranta ɗaya cikin 10 ne kawai ya ce kuɗin ya sauya yadda suke taimakon yaran ƙwarai da gaske. Daga baya aka ƙara matsawa, tazarar da ke tsakanin ɗan talaka da sauran yara ta riƙa raguwa sannu a hankali na wasu shekaru, sannan raguwar ta tsaya. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu, ɗan mai hali ya ci gaba da karatu ta kwamfuta a gida, wanda ba shi da ita ya zauna. Wata cibiyar nazarin ilimi ta can, EPI, ta lissafa cewa a 2019 ɗan talaka yana gama sakandare yana bayan sauran yara da kimanin wata 18. A 2023 tazarar ta haura wata 19.

Akwai dalilai biyu da ya kamata ki sani. Ɗaya, lokacin da tsadar kaya ta matsa wa makarantu, wasu sun riƙa ɗibar wannan kuɗi suna toshe wasu ramuka. A wani jin ra'ayi da gidauniyar Sutton Trust ta yi a 2024, kusan rabin shugabannin makarantun da aka tambaya sun ce suna yin haka. Kin san abin da ke faruwa da jarin da ake ɗiba ana cefane. Na biyu ya shafi rajista. A 2014 gwamnati ta mai da abincin rana kyauta ga dukkan yara na azuzuwa uku na farko, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Sai iyaye da yawa suka ga babu dalilin cike takarda tunda yaro yana ci. Wasu kuma kunya ce ke hana su a san halin da suke ciki. Yaron da sunansa bai shiga rajista ba, makaranta ba ta samun ko kwabo saboda shi, ko da ya fi kowa talauci. Har ta kai makarantu suna aika wa iyaye wasiƙu suna roƙon su cike takardar.

Duk da haka gwamnatocin da suka biyo baya, har da ta jam'iyyar Labour da ta hau a 2024, ba su soke shirin ba. Kuɗi kaɗai bai kawar da tazarar ba, amma ya sa dole kowane hedimasta ya san sunan kowane ɗan talaka da ke hannunsa, ya kuma shirya amsa idan aka tambaye shi labarinsa.

TAMBAYA TA UKU

Wani dillalin dabbobi daga Illela ya ce: Malam, to mu a Nijeriya muna da irin wannan? In ba mu da shi, me ya rage wa irinmu?

AMSA

Alhaji, tsarinmu daban ne. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a watan Satumba na 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun furamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta ne kuma dole ne. Ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya domin taimaka wa jihohi, ta hannun hukumar UBEC. Babban kason wannan kuɗi daidai-wa-daida ake raba wa jihohi, kuma jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Hukumar ta sha kokawa cewa wasu jihohi ba sa ajiyewa, kuɗin ya yi ta zama ba a taɓa ba. Ka ga bambancin ke nan. Na Ingila yawan 'ya'yan talakawa yake bi har cikin asusun makaranta, wannan kuwa hukumar ilimi ta jiha yake zuwa, ita ke yanke inda za a yi aiki.

An yi shirye-shiryen da suka ɗan yi kama. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta fara ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 na furamare a kan naira 70 kowane yaro a rana, aka dakatar da shirin a watan Janairu na 2024 tare da wasu shirye-shiryen tallafi. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na karatun 'ya'ya mata, wanda aka fara da jihohi 7, wato Kano, Kaduna, Katsina, Kabi, Barno, Filato da Ekiti. A cikinsa an tsara ba makarantun sakandare kuɗin gyara ta hannun kwamitin makaranta, da kuma tallafin kuɗi ga gidajen marasa ƙarfi domin 'ya'yansu mata su ci gaba da karatu.

Abin da ya rage wa irinku kuwa, darasin Ingila ya nuna shi. Da farko, suna a rajista. Kowane irin tallafi, na abinci ne ko na littafi ko na kuɗi, da ƙidaya ake raba shi. Jihohi suna yin ƙidayar makarantu, kuma yaron da ke gona ko kasuwa, wanda ba a rubuta shi ba, babu shi a lissafin gwamnati. Ka kai yaro a rubuta sunansa, ka karɓar masa takardar haihuwa, ka kuma tabbata yana zuwa, har a lokacin shuka da girbi da ranar kasuwa.

Na biyu, kwamitin makaranta. A Nijeriya ana kiransa SBMC, maƙwabtanmu na Nijar sun san nasu da sunan COGES. An tsara shi ne domin ya ƙunshi iyaye maza da mata da shugabannin gari tare da hedimasta. Ba sai ka yi boko ba kafin ka je taro. Mutumin da ya iya lissafin garken shanu da la'adarsa ya iya lissafin kuɗin makaranta. In an kira taro ka je, ka yi tambaya cikin ladabi. Nawa ya shigo bana, daga ina? Me aka yi da shi? Yara nawa ne a aji uku suka iya karanta layi ɗaya? Su wane ne suka daina zuwa, kuma me ya hana su?

Na uku, in ɗan kuɗi ya shigo, ko na gwamnati ko na karo-karon gari, kada a kashe shi duka a kan fenti da ƙofa. A tuna da yaran da aka bari a baya. Ɗan abin da za a ba malami ya zauna da su na sa'a ɗaya bayan an tashi, da littafin karatu da za su riƙe a hannu, da yunifom ga maraya, ba su da tsada idan aka kwatanta da gini, kuma su ne ke taɓa yaro kai tsaye.

Da fatan masu tambayoyin nan uku da sauran jama'a sun gamsu. Mai wata tambaya ya aiko da wasiƙarsa, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za mu iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.